Wasiyyar da Merv Ya Yi a Sama

"Ni tsoro? Ni da kifin shak ya gan ni cikin ruwa ya juya ya koma wurin uwarsa? Ku ɗaura min laimar tashi saman nan ku sha kallo. Yarinyar mai laimar ma don doka ta ce sai da ita ne, in ba haka ba ni kaɗai zan tashi."

Merv Tonkin ke nan, ranar Juma'a da yamma a kulob ɗinmu na masunta a Garrick Head, kofin giya a hannu, tumbi a kan tebur. Ƙanwarsa nake aure, shi ya sa nake zama kusa da shi. Ba don ina so ba.

Ni Clarrie ba mai yawan magana ba ne. Makaranta ma ban daɗe a ciki ba, na bar ta na shiga jirgin kamun kifi. Amma wannan labarin ni zan ba ka, don ina wurin. In ka bari Merv ya ba ka da bakinsa, za ka ji a ƙarshe har lambar yabo aka rataya masa.

Merv Kyaftin yake kiran kansa. Yana da farar hula mai hoton anga, ƙarfen tsayar da jirgi, a kasuwar gwanjo ya saye ta. Jirgin nasa na gwangwani ne, in ya zauna a baya sai hancin ya kalli sama. Mu Kyaftin Tumbi muke ce masa a gaban idonsa, yana ɗauka yabo ne. Rabonsa da rufaffen takalmi tun ranar aurensa. Silifa a banki, silifa a coci, silifa a jana'iza.

A garin nan mutum zai ara maka motarsa, ya ara maka jirginsa, ya bar maka gadon kwanansa. Amma ba zai faɗa maka inda yake kama kifi ba. Tambaya ma rashin kunya ce. Gurbin mutum sau ɗaya yake fita daga bakinsa, ranar da ya tabbata mutuwa zai yi, kuma mutum ɗaya ake faɗa wa, a kunne. Haka Merv ya sami nasa. Tsoho Tonkin, mahaifinsa, yana kwance a asibiti ya kori kowa daga ɗakin, har da matata, 'yarsa ta cikinsa, ya jawo kunnen Merv ya raɗa masa. Ramin Tonkin muke ce wa wurin. Kowa ya san akwai shi, ba wanda ya san inda yake. Ɓoye ramin nan shi ne abu ɗaya da Merv ya iya a duniya.

Jan kifin da ke ramin kuwa, ko jariri ka ba sandar fatsa zai kamo. Ramin ke yin kamun, Merv riƙon sanda kawai yake yi. Da shi yake zuwa na biyu duk shekara a gasar kulob, da shi yake cika mana kunne har wata shekarar.

Na ɗaya kullum Noeline Kerslake ce. 'Yar ƙaramar tsohuwa, da ita ke tuƙa motar makaranta kafin ta ajiye aiki. Ba ta surutu. Takan zagaya bayan tsaunin da ya shiga cikin teku, ta ɓace, ta dawo da kifi kamar ɗan maraƙi. Merv ya taɓa bin ta a ɓoye. Ta yi ta zagaye da shi har mansa ya ƙare, sannan ta ɗaura igiya ta jawo shi gida gaban kowa, tana saƙa hula da hannu ɗaya.

To, da muka fito daga kulob ran Juma'ar nan, ya shiga a-kori-kurata, ta lotsa gefe ɗaya.

"Clarrie, tsaya in faɗa maka abin da ƙwaƙwalwarka ba za ta ɗauka ba."

"Faɗi."

"Jibi gasa. Duk jajibirin gasa tsohuwar nan tana zuwa zuba wa kifinta koto. Ta iya ɓuya wa jirgi. Ta iya ɓuya wa tsuntsu?"

"Ban sani ba."

"Ba ta iya ba! Gobe ni ne tsuntsun. Su waɗancan sakarkarun sun ɗauka nishaɗi zan je yi. Ina sama ina kallon ta, kai kuma kana bin hanyar kan dutse da motar nan. In na ce tsaya, ka tsaya, ka ɗaura jan ƙyalle a itacen da ke kusa da kai. Jibi in bi ƙyallen, in zauna a gurbinta tun ba ta gama shan shayi ba."

"Da me za ka ce min tsaya?"

Ya zaro oba-oba guda biyu daga aljihu.

Na ce, "Merv, wannan tashar kowa ke ji. Tana cikin jirgin kowa, tana bangon kulob, tana shagon Stavros mai soya kifi."

"Ka ga abin da ya sa ka tsufa kana ɗan ƙwadago ni ina Kyaftin? Kalma ɗaya zan faɗa. Tsaya. Wa zai gane tsaya?"

Gaskiya dabarar ba ta da laifi. Laifin yana wurin mai dabarar.

Washegari da hantsi muka hau tudun ciyawa da ke saman gaɓa, inda masu laima ke tashi. Rabin kulob sun riga mu zuwa, da kujerun ninkewa da akwatin ƙanƙara. Merv ne ya gayyace su da bakinsa. Sauran suna kan ruwa suna gwada fatsa. Mai laimar Tahlia ce, yarinyar garin nan, siririya, rana ta ƙone mata hanci. Ta shimfiɗa laimar a kan ciyawa, ja da fari, faɗinta ya fi ɗakina.

Merv ya iso yana cin mitfai, fanken nan mai nama a ciki, na biyu ke nan, miyar tumatir na ɗiga a riga.

Tahlia ta ce, "Baba Merv, na ce kar ka cika cikinka."

"'Yata, cikin nan ya ci abinci a tsakiyar guguwa."

"To. Kilo nawa kake?"

"Tamanin da biyar."

Stavros ya ce, "Ƙafa ɗaya ko duka biyun?"

Tahlia ba ta yi musu ba. Ta buɗe motarta ta ɗauko sikeli, irin na banɗaki, ta ajiye a kan katako. Merv ya cire hula, ya cire agogo, ya tsuke ciki, ya hau. Allurar ta zagaya, ta wuce ɗari, ta ci gaba da tafiya kamar an aike ta.

"Sikelin nan ya lalace."

"Da safe lafiyarsa lau," in ji ta. Ta naɗe laimar ta ɗauko wata wadda ta fi girma. Ta ce rabon da ta buɗe ta tun da ta tashi da wani ɗan kokawa.

Merv ya juyo wurinmu. "Kun ji? Laimar 'yan kokawa."

Sai rigimar takalmi. Ta ce ba a tashi da silifa. Ya ce ba a haifi wanda zai raba shi da silifarsa ba. Ta kawo masa takalmin but, ƙafar ta ƙi shiga, don shekaru sun baje ta kamar faranti. A ƙarshe ta ɗauko salatif ta naɗe silifar a ƙafafunsa, ta ce, "Ƙafarka ce, ba tawa ba."

Ta kifa masa hular kwano, ta ɗaure shi cikin kujerar maɗaurai, ta ɗaura kanta a bayansa. Ba a ganin ta ma, sai murya. Ya rataya oba-obarsa a ƙirji. Ta tambaye shi ta mece ce, ya ce don ya riƙa ba Clarrie labarin sama, tunda Clarrie matsoraci ne.

Ta ce, "Abu biyu kawai, Baba Merv. In na ce gudu, ka yi gudu, kar ka zauna sai na ce. In za mu sauka na ce miƙe, ka miƙe ka taka."

"Ina tuƙa jirgi tun uwarki tana rarrafe."

"Wannan ba jirgi ba ne."

"Iska dai ce. Ni da iska mun daɗe tare."

Stavros ya ce, "Mun shaida. Mu ke zama kusa da kai a kulob."

Ta ja igiyoyi, laimar ta tashi ta tsaya a kansu. "Gudu!"

Merv ya zauna. Tim! Laimar ta ja su baya a kan ciyawa, shi a sama, ita a ƙasa, har suka ture akwatin ƙanƙara.

Ya ce, "Gwada maɗauran nake yi. Suna da ƙarfi."

Aka sake shiri. Wannan karon ya yi gudu, gudu na gaske, tumbi na gaba yana bin sa. Yana isa inda ciyawa ta ƙare ya hango teku can ƙasa, sai ya ja birki. Laimar ta wuce su ta rufe su kamar an lulluɓe gawa. Daga ƙarƙashi muka ji yana cewa iskar ce ba ta yi masa ba.

Tahlia ta rarrafo ta fito, ciyawa a baki. Ta dube ni ta dubi Stavros.

"Baba Clarrie, ku taimaka min. Ku kama shi ta gefe-gefe, ku yi gudu da shi, kar ku sake shi sai ƙafarsa ta bar ƙasa."

Shekara da shekaru ina marmarin in jefa Merv daga kan dutse. Ran nan roƙo na aka yi. Ban tsaya jan rai ba.

Muka kama, muka ruga, muka sake. Ya tafi. Ƙafafunsa suna ta gudu a cikin iska, har ya yi nisa bai daina ba. Mutane suka yi tafi. Ni na shiga mota, na ajiye oba-oba a kujera, na kama hanyar kan dutse.

In ba ka san oba-oba ba, ga yadda take. Muddin yatsanka na kan maɓalli, kowa na jin ka, kai ba ka jin kowa, kuma ba mai iya katse ka. Merv tun da ƙafarsa ta bar ƙasa ya damƙi abin da ke ƙirjinsa da hannu biyu. Yatsansa ya hau maɓalli, ya zauna.

Da farko huci na ji, kamar na bijimi. Sai muryar Tahlia daga baya.

"Yauwa, Baba Merv, yanzu zauna. Ka daina gudu. Ka ga kyan gaɓar nan? Buɗe idonka mana."

"A buɗe suke!"

"Ina ganin fuskarka ta gefe. A rufe suke."

"Rana ce ta yi yawa!"

Ina hango su ta gilashi. Laimar tana tafiya a hankali bisa bakin dutsen, a natse kamar tsohuwa za ta kasuwa. Ruwa shuɗi, kumfa fari a gindin duwatsu, tsuntsaye na shawagi ƙasa da su. Mutane na zuwa daga nesa su biya kuɗi don wannan kallon.

"Ga kifayen dolfin can, Baba Merv, har da ɗansu."

"Su mutu! Sauke ni!"

"Yanzu muka tashi."

"Me ya yi ƙara? Igiya ce ta tsinke?"

"Salatif ɗinka ne. Ka daina shure-shure."

Suka zagaya bayan tsaunin. Nan iska takan ɗan ɗaga mutum sama, ta sake shi. Ba wani abu ba ne, na ga tsofaffin mata sun wuce wurin suna dariya. Laimar ta ɗan yi sama, ta ɗan yi ƙasa. Na ji wani sauti a oba-oba, na san mitfai ya kama hanyar fitowa.

Sai Merv ya fara kuka. Ba ƙwalla ba, kuka da murya.

"Clarrie! Clarrie, ɗan'uwana! Tawa ta ƙare!"

Tahlia ta ce, "Ba abin da ya ƙare. Lafiya lau muke."

"Ke yi shiru, kin kashe ni! Clarrie, ka yafe min. Injin yankan ciyawarka ba a sace shi ba, ni na faɗa da shi cikin kwata. Babban kifin nan da ke bangon kulob da sunana a ƙasa, ba ni na kama ba. Wurin Stavros na saya. Na soka masa ƙugiya a baki a cikin mota."

Na tsayar da mota. Na danna nawa maɓallin na ce, "Merv, saki abin nan!" Banza. Ba ya ji na.

"Shak ɗin ma ƙarya ne, gungumen itace ne. Clarrie, saurara. Ba ni da ɗa. Ba zan tafi da ramin Baba cikin kabari ba. Kai zan ba. Matso da kunnenka."

Na matsa hon. Na fito na tsaya a kan mota ina kaɗa jan ƙyallen nan. Wa zai gani? Mutum ido a rufe.

"Kar ka faɗa wa kowa, Clarrie. Ko matarka. Ka fita daga mashiga, ka sa hasumiyar fitila ta rufe tankin ruwan gari. Ka riƙe haka, ka yi ta tafiya har itacen nan mai kai biyu ya hau kan jan rufin Stavros. Nan ne. Ka saki anga. Ka ji? Bari in maimaita, na san kanka da nauyi."

Ya maimaita. A hankali, dalla-dalla, kamar malamin makaranta.

Sai na ji Tahlia ta ce, "Baba Merv, tsaya. Mene ne wannan jan hasken a hannunka? Dannawa kake yi?"

Ƙit, ya saki.

Sai wata murya ta shigo, ta Lofty ce mai gyaran inji, daga jirginsa.

"Allah ya jiƙanka, Kyaftin. Ka ce itacen ya hau rufin ne, ko ya tsaya a gefensa?"

Wani ya ce, "Ya hau, kurma. Sau biyu ya faɗa."

Daga bangon kulob mai sayar da giya ya ce, "Merv, kafin ka cika, me za mu yi da kifin nan na bango?"

Stavros ya shigo ta oba-obar motarsa, ya ce, "A mayar min da abina. Ni na san wahalarsa."

Na juya mota na gangara bakin rairayi, inda ake sauka. Kafin in isa wurin ya cika. Laimar ta sauko a hankali, Tahlia tana cewa, "Miƙe! Miƙe! Baba Merv, taka!" Mutumin da aka ce ya yi gudu ya zauna, kana tsammanin in an ce ya miƙe zai miƙe? Ya ɗaga ƙafafu sama. Ya sauka da mazaunai, ya yi noma a cikin rairayi, bai tsaya ba sai cikin tarin ruɓaɓɓiyar ciyawar teku, inda ƙudaje ke taro. Ƙafa ɗaya da silifa, ɗayar ba komai sai guntun salatif.

Ya buɗe ido. Ya taɓa ƙirjinsa, ya taɓa ƙasa. Ya ga mutane. Ka san Merv. Ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya yi dariya.

"Kun faɗa tarko! Duk kun faɗa! Kuna tsammanin zan ba ku ramin Tonkin a banza? Ƙarya na shirya muku. Ku je can gobe ku kama duwatsu."

"Kukan fa?" in ji Stavros.

"Cikin shirin ne."

"Mitfai fa?"

"Shi ma."

A mota na ce, "Merv, da gaske ƙarya ce?"

Ya jingina kai da gilashi.

Na ce, "Noeline fa? Ka gan ta?"

"Tuƙa motarka, Clarrie."

Ranar gasa ya roƙe ni in raka shi. Muka fita daga mashiga, ya sa hasumiya ta rufe tanki. Bai ma buƙaci duba itacen ba. Tun daga nesa muka hango wurin kamar tashar mota ranar kasuwa. Jirage gefe da gefe, har da na mutanen da ban taɓa gani ba. Direbobin manyan motoci ma ashe sun ji a hanya, sun faɗa wa 'yan'uwansu. Limamin cocinmu yana can da sandarsa, ya gajarta wa'azi. Ko'ina ka duba sanda ta lanƙwashe, jan kifi na tashi sama.

Merv ya miƙe a jirgi. "Ku tashi! Ramin ubana ne!"

Lofty ya ce, "A'a, Kyaftin, ba ka ce ƙarya ba ce? Mu duwatsu muke kamawa." Ya ɗaga wani kifi da ya kai tsawon hannunsa. "Dubi wannan dutsen."

"Clarrie na ba wa! Clarrie kaɗai!"

"To Clarrie ya shigo. Kai ai ka rasu."

Ba mu sami wurin sakin anga ba. Muka tsaya can gefe, inda ba komai sai rairayi. Merv ya wuni ya kama wani ɗan kifi da doka ma ba ta yarda a ɗauka ba. Ya mayar da shi, kifin ya tafi ba ko sauri.

Da yamma aka taru a kulob. Inda babban kifin Merv yake a bango, sai ƙusa da tabon fenti. Aka auna, aka kira sunaye. Na ɗaya Noeline Kerslake. Ita ba ta ma je ramin Tonkin ba, nata gurbin ta tafi kamar kullum. Na biyu limami. Merv ba a kira shi ba.

Noeline ta karɓi kofi, ta ajiye. Ta buɗe jakar saƙarta ta zaro wani abu, ta tako har teburinmu. Silifa ce, ƙafar hagu, da salatif a jiki.

"Taka ce, Mervyn?"

Ya dubi ƙafarsa. Ranar da silifa iri biyu ya zo.

"A ina kika samu?"

"Cikin jirgina ta faɗo jiya. Ina zuba koto, na ji tim a bokiti. Na ɗaga kai, sai ga ka daidai kaina. Kun ma zagaya sau biyu. Na ɗago maka hannu, na ce sannu Mervyn. Ba ka amsa ba, kana ta wasiyya."

Merv ya buɗe baki. Ya juya wurin Tahlia, tana zaune tana cin dankali.

"Ke! Kin ga wurin?"

"Na gani."

"Ina ne?"

"Haba Baba Merv. A garin nan aka haife ni fa."

Ya juyo wurin Noeline. Murya ta yi ƙasa, Kyaftin ya tafi, saura Tumbi.

"Noeline, don girman Allah. Kowa ya san nawa. Ko a kunne ne. A ina na wuce ki?"

Ta miƙa wa mai giya silifar, ya rataye ta a ƙusar nan ta bango. Tana can har yau. Sannan ta dafa kafaɗar Merv.

"Zan faɗa, Mervyn, ranar da zan mutu. Sai dai ni in zan mutu, ina fara duba ko da gaske ne."